Fensir Uku Na Karya Ran Farko

Mai gadi ya tare ni a ƙofa:
"Baba, wane yaro ka zo ɗauka?"
Na ce, "Wanda na bari a aji shida,
yau shekara talatin da huɗu."
Bai gane ba. Ya dai buɗe mini.

Benci na baya na zauna,
gwiwoyina suna dungurin teburi.
Sau uku na wanke hannu da omo
amma warin baƙin mai ya biyo ni har aji,
ya zauna gefena kamar shi ma an rubuta sunansa.

Mushe Nafi'u ya shigo,
yaron da na gyara wa babur bara,
har yau ina binsa jaka ɗaya.
Ya kalle ni, na kalle shi, muka bar maganar.
Ya ce, "Ku ja layi. Ban da rula."
Hannun da ya saba kokawa da noti mai tsatsa
ya danna.
Ƙas.
Na fiƙe, na danna. Ƙas.
A na uku wata yarinya ta toshe baki da mayafi.
Mushe ya riƙe wuyan hannuna, ya ce,
"Malam Harisu, takarda ba ta gardama.
Sassauta."

Ba wanda ya taɓa gaya mini haka.
A lakwal, ran da na zana keken malami a allo
maimakon lissafi,
bulala shida na sha,
kuma keken ya fi nasa kyau,
ina nan a kan bakana.

Da rana ina rumfata bayan Kasuwar Dole.
'Yan kabu-kabu sun samu abin yi:
"Ɗan makaranta, an ba ka kuɗin tara?"
Tanimun ya ce tsufa ne ya zo mini ta hannu.
Ina dariya, ina ɗaure birki,
ina satar kallon yadda inuwar taya
take kwanciya a ƙasa, ba da'ira ba ce, ƙwai ce.

Mako na biyar aka ajiye mana buta.
"Kada ku zana butar," in ji mushe,
"ku zana iskar da ta kewaye ta."
Na kwana ina juya zancen.
Da asuba na bi ta Birni,
sai ga bangayen da nake wucewa tun ina yaro
sun tsaya suna mini magana:
wannan dagin, ashe wani ne ya yanke shawara
inda zai lanƙwasa, inda zai bar wuri.
Har duwatsun garin nan
da na rantse launin toka ne,
da la'asar akwai shuɗi a hammatarsu.

Kwamfuta ce ta so ta kore ni.
Kibiyar nan tana gudu kamar ƙadangare a rana.
Cima, autata, ta ɗora hannunta a kan nawa,
tana faɗa mini, "A hankali, Baba,"
da muryar da na koya mata tafiya.

Barira ta lissafa abin da fenti ya ci:
kuɗin ga-ruwa na kwana goma.
Ba ta ce uffan ba, ta rufe kwanon da ƙarfi.
Jiya na miƙa mata takarda:
tambarin yajin da take ƙullawa a leda,
barkono biyu sun jingina da juna,
sunanta a ƙasa, ja a kan ruwan ƙwai.
Ta daɗe tana dubawa.
Ta ce, "Wannan na hagu ya cika ƙiba."

Gaskiyarta.
Na ɗauko fensir,
na riƙe shi kamar ƙwan tattabara,
na sake.